Gawo Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na safe

Kafin in rubuta komai, bari in ajiye wannan a shafin farko, don duk wanda ya buɗe littafin nan ya san da wa yake magana.

Na shiga Cibiyar Binciken Ƙasa da Itatuwa ina ɗan shekara goma sha tara, da takardar sakandaren da ni kaina ba na son a dube ta da kyau. Lebura aka ɗauke ni, mai cika leda da ƙasa a lambun renon itatuwa. Ba ni da kawu a sama, ba wanda ya ɗaga waya domina. Na koyi karanta taswira da kaina. Na koyi awon ƙasa ta hanyar riƙe wa masu awo sanda da kallon hannunsu. Na haddace sunayen itatuwa ɗari da sittin irin na cikin littafi, waɗanda masu digiri sai sun leƙa kafin su faɗa. Na gina gida mai ɗaki huɗu. 'Ya'ya biyar, uku sun gama jami'a. Shekara talatin da huɗu ban taɓa fashin duba ma'aunin ruwan sama ba. Ranar da aka haifi babbar 'yata ma sai da na biya na duba kafin in wuce asibiti, uwarta har yau tana yi mini gori.

Yau ni ne shugaban fili. Filayen gwaji goma sha biyu a hannuna suke tun ranar da aka kafa musu turaku, shekara goma sha tara ke nan. Saura wata biyar in yi ritaya.

Shi ke nan. Dama abin da nake son rubutawa ke nan.

Jiya iska ta kayar da lamba 47.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Gawo ne, a fili na huɗu. Da na riga kowa zuwa da na sare shi na kawar, amma Mai Tabarau ta riga ni. Ɗalibar Farfesa mai kula da bincikenmu ce, tana neman digiri na uku, yarinyar da ba ta san gajiya ba, har laburorina na cewa da batir take aiki. Ta sa an haƙo kututturen, ta sa an ɗauko shi a baro har ofishina, aka dire mini a kan tebur, ƙasa na zuba a kan littafin awo.

Ta ce, "Baba, kai da ka fi kowa sanin itace, me ke sa saiwa ta yi haka?"

Saiwar ta nannaɗe kanta kamar gammo. Ba ta nutsa ba, zagaye kawai ta yi ta yi.

Na ce dutse ta tarar a ƙasa. Ta ce, "Ai babu dutse a fili na huɗu, Baba. Kai ka haƙa ramin awon, da rubutunka a littafi." Sai ta sa ɗan yatsa tsakanin saiwoyin ta zaro wani ɗan ƙyalle na baƙar leda, duk ya ci ƙasa.

Na ce iska tana kai leda ko'ina.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "To, Baba." Ta sa ledar a ambulan ta fita.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa: milimita shida. Fili na huɗu lafiya.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ya kamata in bayyana mene ne filayen nan, tunda 'ya'yana ma sun ɗauka itace kawai nake ƙirgawa.

Shida an kewaye su da waya, shida an bar su a buɗe. A cikin masu waya muka bi duk ɗan tsiron da ya fito da kansa, guda ɗari uku, muka ɗaura wa kowane lambar ƙarfe. Doka ɗaya ce: ba shuka, ba ban-ruwa, ba cire ciyawa. A auna, a rubuta, a tafi. Farfesa, wanda lokacin Dokta ne siriri mai tsohuwar mota, yana son ya gani ko ƙasar da ta gaji za ta farfaɗo da kanta in an hana dabba shiga.

A shekara ta uku da ta huɗu aka yi fari. Gonaki suka ƙone, rijiyoyi suka ƙafe. Amma a filayenmu masu waya, tara cikin goma suka rayu.

Da wannan ya rubuta takardar da aka buga a babbar mujalla ta ƙasar waje. Ita ta mai da shi Farfesa. Ita ta kawo mana ginin ɗakin gwaji da motoci biyu. Kwamfuta tana ƙirga masa duk lokacin da wani masani a wata ƙasa ya kafa hujja da ita, kuma duk ranar Litinin sai ya leƙo ofishina ya ce, "Malam, mun kai kaza." Wannan makon dubu ɗaya da ɗari uku da sha biyu. "Mun" yake cewa. Ina da kwafi a firam a falona, ko da yake turancinta ya fi ƙarfina a wurare da yawa. A ƙarshenta an yi godiya ga "ma'aikatan fili". Na daɗe ina nuna wa baƙi layin nan da yatsa.

Ba matsala ce da takardar ba. Takarda ce mai kyau.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na ji su ta bango, don tsakanin ofishina da na Farfesa katako ne.

Mai Tabarau ta maimaita gwajin nan sak a gonakin manoma, filaye ashirin, shekara huɗu. Da aka sami shekara guda mai ƙarancin ruwa, takwas cikin goma nata suka mutu. Farfesa ya ce sakaci ne, ko waya ta yanke awaki sun shiga, ko ba ta zuwa awo tana cika littafi a ɗaki. Ta ce tana da hoton kowace ziyara. Ya ce, "Kina nufin ke ce daidai, mutum dubu da ɗari uku ba su san me suke yi ba?"

Kwamiti zai zauna ranar 27 ga wata. In suka yarda da shi, za a soke aikinta a janye gurbin karatunta. Shekara huɗu na yarinyar nan.

Na fita na je na sa an gyara ƙofar sito, wadda ba abin da ya same ta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ruwa: babu.

Uwar yara ta ce, "Baban yara, wai wa ya mutu ne ba a faɗa mini ba? Kwana biyar kana kallon bango kamar za ka saye shi." Na ce ciwon kai ne. Ta ce, "Ciwon kan da ya sa ka sauke firam ɗin daga bango ka kife shi a saman kwaba?" Na ce ƙusar ce ta yi sanyi. Ta ce, "Allah ya ba ƙusa lafiya."

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

An tura ni in raka Mai Tabarau filayenta in duba wayar, in rubuta wa kwamiti rahoto. Farfesa ya ce, "Malam, idonka nake so. Abin da ka ce shi zan ɗauka."

Tafiyar awa biyu. Na bi wayar nan turke bayan turke, ina neman inda akuya za ta iya sa kai. Wallahi nema nake yi, har da durƙusawa. Babu. Ta ɗaure ta yadda ni na koya mata, ƙulli biyu da juyi. A ciki kuwa sai lambobin ƙarfe a jikin busassun tsinke, iska na kaɗa su.

Wani dattijo mai gonar ya zo ya tsaya yana kallonmu. Ya ce, "Ku ne masu waya?" Na ce mu ne. Ya ce wata ƙungiya ta zo musu shekarun baya da hoton filin da ya yi kore shar, aka ce masana sun tabbatar, a kewaye kawai a bari, ƙasa za ta yi sauran. Ya ba da kashi ɗaya cikin uku na gonarsa. Ya ce, "Shekara huɗu ban sa fartanya a wurin ba. Ni ban ce kun yi ƙarya ba, ranka ya daɗe. Wataƙila ƙasar tamu ce ba ta jin turanci."

Ya yi dariya. Ita ma ta ɗan yi. Hoton da yake faɗa na san shi. Fili na huɗu ne, daga kusurwar gabas. Ni na ɗauka.

A hanyar dawowa ta raba burodinta biyu ta miƙo mini rabi. Ta ce, "Baba, ka ga wayar da idonka ko?" Na ce na gani.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na zauna rubuta rahoton. Na rubuta kwanan wata.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa: milimita goma sha ɗaya. Ban faɗa ba.

Jumma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je wajen Ba Birki. Tsohon direban tankar ruwan Cibiya ne, ya yi ritaya ya buɗe shagon facin taya a bakin titi. Rabona da shi shekara shida, kuma na san dalili.

Yana hango ni ya ce, "Kai, Likitan Itace! Yau wane marar lafiya ne?" Ya share mini benci da hularsa.

Na yi ta kewaye-kewaye, maganar gwiwa, maganar jikoki. Daga baya na ce ko ya tuna shekarar fari. Ya ce, "In manta? Duk ranar hutu ka zo ka buga mini ƙofa, matata har ta ɗauka wani wuri muke zuwa. Ni na ɗauka ma lambar yabo za a ba mu."

Na ce in wani ya zo ya tambaye shi fa?

Ya ajiye tayar da ke hannunsa. Ya ce, "Tambaya kuma? Laifi ne a ba mai ƙishirwa ruwa?" Na ce a wurinmu laifi ne. Ya ce, "To ku dai masu ilimi Allah ya shirye ku. Ni in an tambaye ni ban ga komai ba, idona ma ya yi yana. Amma Likita, ka zo tun daga can don ka roƙe ni in yi shiru? Kai da ko gishiri ba ka roƙo?"

Na ce ba roƙo na zo ba, gaisuwa na zo. Ya ce, "To, na amsa."

Duk hanya kunya ta hana ni ɗaga kai. A rayuwata ban taɓa roƙon kowa komai ba, sai yau, kuma dubi abin da na roƙa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya kamata a fahimci yadda abin yake a lokacin. Da Dokta ya ba ni filayen, mutum biyu masu difloma ya tsallake. Na ji ɗayansu da kunnena a bayan sito yana cewa, "An ba lebura, ku ba shi shekara biyu ya kashe su tas." Sai ga fari. Kullum in zo da safe in tarar ganye ya ƙara zubewa. Ni mutumin lambu ne. Shekara goma sha biyar kafin nan, in tsiro ya yi yaushi a hannuna ni ake kira a tambaya. Hannuna bai san yadda ake tsayawa a kalli abu yana mutuwa a rubuta a littafi ba.

Ba wanda zai gane wannan in bai taɓa renon itace ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na sake karanta abin da na rubuta jiya. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka ba. Tsoron dariyar mutum biyun nan ya fi tausayin itatuwan yawa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Farfesa ya leƙo. "Malam, dubu ɗaya da ɗari uku da sha tara." Na ce madalla. Ya ce ina rahoto? Na ce saura kaɗan. Ya ce, "Kada ka ji tausayi fa. Wannan aikin ba ya son tausayi."

Saura kwana goma.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mai Tabarau ta nemi izinin haƙa gindin wasu itatuwa biyar a fili na huɗu. Farfesa ya hana, ya ce ba za a ɓata gwajin shekara goma sha tara saboda ƙyallen leda ba. Ta zo wurina, don mabuɗin ƙofar filin a aljihuna yake.

Ta ce, "Baba, ba na zargin kowa. Ni dai in san ko ni ce ban iya ba. In ni ce, wallahi zan tattara in tafi, in je in koyar a firamare. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk unguwa cewa 'yarta za ta zama dokta, har masu ciwon ciki sun fara zuwa."



Na ce umarnin Farfesa ne, ba ni da iko. Ni da na shekara goma sha tara ba wanda ya isa ya ce mini ga yadda za a yi a filayen nan.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa: milimita biyu. Ban faɗa ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Babu ruwa. Ban faɗa ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na faɗa wa uwar yara. Tana tsince wake a tire, ba ta ma ɗago ba.

Ta ce, "Ai na sani." Na ce kin san me? Ta ce, "Wa yake wanke maka wando? Ƙasa ta bushe ƙaƙas ko'ina, kai kana dawowa da laka har gwiwa duk ranar hutu. Na ɗauka aikin ne haka."

Na ce in na faɗa, walimar ritaya ta tafi, takardar yabo ta tafi, wataƙila a kore ni saura wata biyar. Mutanen da suke miƙewa in na shiga za su riƙa nuna ni da baki. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Sannan ta ce, "Yarinyar nan sa'ar autarmu ce ko?" Na ce ta girme ta da shekara biyu. Ta ce, "Da autarmu ce, wani tsoho yana zaune da maganar a bakinsa, me za ka kira shi?"

Na ce ba ta san aikin ofis ba. Ta ce, "Ƙwarai. Ɗaga ƙafarka, kana taka mini wake."

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na je filin ni kaɗai. Ba na bukatar littafi, na san su kamar 'ya'yana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa.

Bari in rubuta shi sau ɗaya da hannuna in ga yadda yake a takarda.

Na ba su ruwa. Duk ranar hutu, shekara biyu na fari, filaye shida masu waya, da tankar Cibiya. Waɗanda suka mutu duk da haka, guda talatin da takwas, na tuge su, na ɗauko 'yan'uwansu daga lambun reno na dasa a ramin, na mayar musu da lambar ƙarfen, na baza busasshiyar ƙasa a sama. A littafi na rubuta "yana raye".

Abin da ke ƙara ƙona mini rai, ni da na koya wa ɗaruruwan mutane cewa a cire leda gaba ɗaya kafin a dasa, ranar lamba 47 ina sauri, gindin kawai na tsaga. Ko ha'incin ban yi shi da kyau ba.

Sun yi girma yanzu. Inuwa har ta haɗe. Tsuntsaye sun cika wurin. Na zauna a ƙarƙashin lamba 112 na rasa ko alfahari zan yi ko kuka.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Farfesa ya leƙo da lissafinsa na Litinin a baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, shigo ka rufe ƙofa."

A tsaye na faɗa, ban zauna ba. Na ba shi jerin talatin da takwas ɗin a takarda. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama. Ya cire hula ya ajiye a kan teburina, abin da bai taɓa yi ba. Sai na ga ashe ya tsufa.

Ya ce, "Malam, ka san ƙasashe nawa aka kai maganar nan?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni ma ban sani ba."

Ya ce me ya sa. Na ce ka ce kada a taɓa, amma ba ka ce mini ko sun mutu ba laifina ba ne, ba ka ce mutuwar ma sakamako ce ba. Ya dube ni ya ce, "Na faɗa maka. A bakin fili na ɗaya, ranar da muka kafa turaku. Na ce in duka suka mutu, mun koyi abu."

Na ce ban tuna ba.

Na tuna. Har rigar da ke jikinsa ranar na tuna.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Farfesa bai zo aiki ba. An ce hawan jini. Mutumin da ya tsallake masu difloma ya ɗauko lebura.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na miƙa rahoton wayar, layi uku: waya lafiya, dabba ba ta shiga ba, awonta daidai ne. Na haɗa da ɗaya takardar, mai bayanin abin da na yi a shekarun fari. Na sa hannu a duka biyun. Sannan na kai wa Mai Tabarau mabuɗin fili na huɗu, na ce ta haƙa duk wanda take so, ga lambobin da za ta fara da su.

Ta karanta jerin. Ta daɗe. Ta ce, "Ranar da na kawo maka kututturen nan ka sani." Na ce na sani. Ta ce, "Ranar da muka je gonar dattijon nan ma." Na ce eh. Ta ce, "Mako uku ban yi barcin kirki ba, ina ta neman inda na yi kuskure. Na sake lissafin nan sau tara."



Ta karɓi mabuɗin ta ce, "Na gode, Malam."

Malam. Shekara huɗu ba ta taɓa kirana haka ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwamiti ya zauna. Farfesa ya zo, da sanda. An ce shi da bakinsa ya janye ƙorafinsa, ya ba Mai Tabarau haƙuri a gaban kowa. Aikinta ya tsira, har wani a cikinsu ya ce shi ne aiki mafi muhimmanci da Cibiya ta yi a shekara goma. Ni ba a kira ni ciki ba. Na zauna a bencin baranda awa uku, inda laburori ke jiran a kira su, bencin da na bari shekara ashirin da suka wuce. Laburorina suna wucewa suna gaishe ni da ido a ƙasa.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa: milimita ashirin da uku. Na je na duba duk da ba a ce in je ba, ba a kuma ce kada in je ba.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Farfesa ya kira ni ofishinsa. Za a rubuta wa mujallar a janye takardar. Ya juyo mini da kwamfuta, ya fassara mini sannu a hankali. An ce an gano cewa "wasu ma'aikatan fili" sun yi ban-ruwa da dashe ba tare da sanin masu bincike ba.

Ya ce, "Na roƙi shugaban Cibiya. Ba za a ambace ka ba. Ka ɗauki hutu har watanninka su cika, ka fita da mutuncinka. Iyakar abin da zan iya yi maka ke nan, Malam."

Na san alheri yake nufi. Wanda aka rushe wa ginin shekara goma sha tara, ga shi yana neman tabarmar da zai rufe ni da ita. Na yi godiya na fito. Sai da na kai bakin ƙofar Cibiya na juyo.

Ma'aikatan fili mu bakwai ne a shekarun nan. Uku sun rasu. Ɗaya ya makance. Ba wanda ya ɗauki garwa ko sau ɗaya a cikinsu, ba wanda ya sani. 'Ya'yan biyu daga cikinsu suna aiki a nan yanzu, a ƙarƙashina. In aka ce "wasu", kowa zai riƙa duban kowa, kuma matattu ba su da bakin cewa ba su ba ne. Ba Birki kuma tuƙi kawai ya yi, ni na ce masa umarni ne daga sama.

Na koma na ce, "Ranka ya daɗe, a goge wasu." Ya ce in yi tunani, abin nan duniya za ta karanta, jikokina za su iya gani. Na ce su gani. Ya ce taurin kaina ne ya kawo mu nan. Na ce haka ne, kuma bai ƙare ba.

Ya ce in kawo a rubuce. Ga abin da zan kai masa gobe da ƙarfe takwas, na kwafe shi a nan don kada a ce ban faɗa ba:

Ni kaɗai na yi. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya taya ni shawara, kamar yadda ba wanda ya taya ni komai tun da na shigo wurin nan. Ban yarda a ce wasu ba, ban yarda a ce wani ma'aikaci ba. A aika wa ƙungiyar nan ma, ta kai wa manoman da suka ba da gonakinsu, a karanta musu da harshen da suke ji. A rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, da muƙamina na shugaban fili. Kuma kafin a aika a kawo mini in duba, don ofishin nan shekara talatin da huɗu suna ɓata mini harafi ɗaya a sunana.